Kano zuwa Gwanzu ta jirgin sama: nawa ne ainihin nisan, kuma awa nawa ake yi?

Ɗan_Kwari ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah ina neman wanda ya san harkar jirgi ya warware mini wani lissafi. Nisan Kano zuwa Gwanzu nake nema, wato Guangzhou ta ƙasar Sin. Wani shafi ya ce 10,940, wani ya ce 6,800, wani kuma 5,900. Da na haɗa abin da ke rubuce a takardar ejan ta hanyar Addis Ababa sai na ga ya haura 11,300. Wanne ne daidai? Sannan ejan ya ce tafiya ba ta kai dawowa daɗewa ba, alhali hanya ɗaya ce. Idan nisa ɗaya ne me ya kawo bambancin? Ta ina ya fi kusa, Addis, Alƙahira ko Doha?

Malam_Taswira ya rubuta:

Wa alaikumus salam Alhaji. Lambobi ukun farko duk daidai ne, abu ɗaya suke faɗa da ma'auni uku. 10,940 kilomita ne. 6,800 mil ne na ƙasa, kowane ɗaya kilomita 1.609, shi ne wanda kamfanonin jirgi ke lissafa wa fasinja makin tafiya da shi. 5,900 kuwa mil ne na teku, kowane ɗaya kilomita 1.852, da shi matuƙan jirgi da masu kula da zirga-zirgar sama suke aiki. Ninka 6,800 da 1.609, ko 5,900 da 1.852, za ka dawo kusa da 10,940. Idan ka ga bambancin kilomita ashirin ko talatin tsakanin shafi da shafi, wani daga tsakiyar gari ya auna, wani daga filin jirgi. Filin jirgin Gwanzu, wato Baiyun, yana wajen kilomita 30 arewa da tsakiyar Gwanzu.

Wannan 10,940 ɗin shi ne mafi gajeriyar hanya a bayan ƙasa, wadda ake kira babbar da'ira. Kana iya fitar da ita da kanka da kalkuletar waya, muddin tana da maɓallan sin da cos, kuma ka tabbatar tana kan digiri.

Filin Malam Aminu Kano yana digiri 12.05 arewa, 8.52 gabas. Baiyun yana 23.39 arewa, 113.30 gabas. Tazarar gabas tsakaninsu 113.30 a cire 8.52, saura 104.78. Ninka sin 12.05 da sin 23.39, ka sami 0.0829. Ninka cos 12.05 da cos 23.39 da cos 104.78, ka sami -0.2290, da alamar ragi a gaba saboda kusurwar ta wuce 90. Haɗa su biyu, -0.1461. Danna maɓallin juya cos, zai ba ka digiri 98.4. Kowane digiri a bayan ƙasa kilomita 111.2 ne, don haka 98.4 sau 111.2 ya kama 10,940. Inda mutane suka fi kuskure shi ne su bar kalkuleta a kan radiyan maimakon digiri, ko kuma su yar da alamar ragin -0.2290, wanda ke sa amsa ta fito wajen kilomita 8,000.

Kewayen duniya a ikwaita kilomita 40,075 ne, ke nan tafiyarka ta ɗan haura rubu'in zagayen duniya.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne inda layin yake bi. Wanda ya shimfiɗa taswira zai ɗauka gabas kawai za a miƙa, a ɗan karkata arewa. Ba haka ba ne. Daga Kano layin yana fita ne arewa maso gabas, digiri 64 daga arewa. Ya ratsa yankin Diffa a Nijar ta wajen N'guigmi, ya shiga Chadi, ya yanki arewacin Sudan, ya tsallake Bahar Maliya ya shiga Saudiyya ta kusa da Yanbu, ya wuce kudu kaɗan da Madina, arewa da Riyad, ya fita ta wajen Baharen. Daga nan kudancin Iran, Pakistan, sai Indiya, inda yake kai ƙarshen hawansa a digiri 28.7 arewa dab da Delhi. Sannan ya fara gangarowa ta Nepal, arewacin Myanmar, lardin Yunnan, ya sauka Gwanzu. Lura fa, Kano na 12, Gwanzu na 23, amma hanya mafi kusa sai da ta hau har kusan 29. Idan kana shakka, sami ƙwallon taswirar duniya irin ta makaranta, ka dafe zare a Kano, ka ja shi ya yi tsai zuwa Gwanzu, ka ga inda zai kwanta. Taswirar bango da muka saba da ita, tsarin Mercator ta 1569, tana buɗa ƙasashen da ke nesa da ikwaita, shi ya sa miƙaƙƙen layi ke fitowa a lanƙwashe a kanta.

Tunda babu jirgin fasinja da ke tashi daga Kano kai tsaye zuwa Gwanzu, abin da za ka yi shi ne zango biyu a haɗe, ga nisansu a kilomita:

Ta Doha: 4,750 da 6,200, jimilla wajen 10,950.
Ta Alƙahira: 3,100 da 7,990, jimilla wajen 11,090.
Ta Addis Ababa: 3,330 da 8,040, jimilla wajen 11,370.

Ka ga inda 11,300 ɗinka ta fito. A takarda Doha ce kan gaba, don kusan a kan layin take zaune. Amma a kula: idan jirgin zai fara biyawa ta Abuja, ƙara 365 na Kano zuwa Abuja, sannan Abuja zuwa Doha 5,020 ne, jimilla ta koma wajen 11,580, ta zama mafi nisa a cikin ukun. A ganina tazarar kilomita 400 a cikin 11,000 ba abin da za a zaɓi tikiti a kansa ba ne, rabin awa ce a sama.

Sani_Fagge ya rubuta:

Game da dawowa ta fi daɗewa, ai saboda juyawar duniya ne ko? Duniya na juyawa, jirgi na sama, sai wani ɓangaren ya zo ya tarye shi.

Injiniya_Bello ya rubuta:

A'a ɗan'uwa Sani, ba juyawar duniya ba ce. Duniya gabas take juyawa, a daidai Kano da gudun da ya haura kilomita 1,600 a awa. Da a ce jirgi na rataye ne ƙasa na wucewa a ƙarƙashinsa, mai zuwa yamma ne zai riga isa, wato dawowa ce za ta fi sauri. Ga shi kuwa akasin haka ake gani. Iskar da jirgi ke ciki tare take juyawa da ƙasa, don haka juyawar ba ta ƙara masa ba ta rage masa.

Iska ce sanadi. A tsayin da manyan jirage ke tafiya, ƙafa 35,000 zuwa 41,000, akwai wani zirin iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas a wajajen digiri 30 arewa, ta kan Masar, arewacin Saudiyya, Iran da arewacin Indiya. Ya fi ƙarfi daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da tsakiyarsa kan wuce kilomita 200 a awa. Jirgi irin Boeing 787 ko Airbus A350 yana gudun wajen kilomita 900 a awa a cikin iska. Mu ɗauka, don misali, iskar ta tsaya a matsakaicin 80 a duk tsawon hanyar Doha zuwa Gwanzu. Mai zuwa gabas yana cin ƙasa da gudun 980, ya gama 6,200 cikin awa 6 da minti 20. Mai dawowa yana yin 820, sai ya yi awa 7 da rabi da 'yan mintoci. Hanya ɗaya, jirgi ɗaya, bambancin awa ɗaya da kwata. Da damina zirin yana yin rauni ya ja arewa, sannan wata iskar gabas ta bayyana a sama ta kan kudancin Indiya da Tekun Larabawa har zuwa Afirka, don haka a hanyar Addis bambancin kan ragu tsakanin Yuni da Satumba.

Sai kuma gyara kaɗan ga lissafin Malam, ba don kuskure ba. Lambobinsa su ne mafi ƙarancin abin da zai yiwu, kuma babu jirgin da ke bin su sak. Abubuwan da ke ƙara tsawon hanya:

Na farko, jirgi kan bi hanyoyin sama da aka shata, daga wannan tasha zuwa waccan. Wajen tashi da sauka ma akwai tsarin da ake bi, wani lokaci a tashi ana fuskantar yamma saboda iska sannan a juyo. A sararin Sin kuwa hanyoyin jiragen farar hula a taƙaice suke, domin kaso mai yawa na sararin yana hannun soja, shi ya sa layi da jinkiri ba baƙon abu ba ne a can.

Na biyu, duwatsu. Layin da Malam ya zana ya bi ta kan Himalaya, kuma jirage na kauce wa wurin. Ba wai ba za su iya ƙetare tsayin ba ne, Everest mita 8,849 ne, jirgi na sama da mita 10,000. Matsalar ita ce idan iskar cikin jirgi ta zube, dole matuƙi ya sauko da gaggawa zuwa wajen ƙafa 10,000, mita 3,000 ke nan, inda mutum zai iya numfashi da kansa, domin abin shaƙar iskar da ke faɗowa daga saman kujera minti 12 zuwa 22 yake yi a yawancin jirage. Tudun Tibet kuwa a matsakaici ya haura mita 4,500, babu inda za a sauko. Haka idan inji ɗaya ya mutu, jirgi ba zai iya riƙe tsayinsa na da ba. Saboda haka ake bi ta kudu, ta filayen arewacin Indiya, Bangladash da Myanmar.

Na uku, rufe sararin samaniya, kuma wannan ne ya fi taɓa mu. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 aka rufe samanta, jiragen da ke zuwa gabas daga Afirka ta Yamma suka koma kewayewa, ko ta arewa ta Masar ko ta kudu. Duba taswira ka gani, Sudan ce kwance a tsakiyar hanyar Kano zuwa Jidda da Kano zuwa Doha. Layin Kano zuwa Alƙahira kuma ta kudu maso gabashin Libiya yake bi, wadda kamfanoni da dama ke gudu. Nijar ta rufe nata sararin ranar 6 ga Agustan 2023, ta buɗe a farkon Satumba. Pakistan ta rufe nata daga ƙarshen Fabrairu zuwa Yulin 2019. Daga Yunin 2017 zuwa Janairun 2021 jiragen Katar ba sa iya bi ta kan Saudiyya, Masar, Baharen da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Kowanne daga cikin waɗannan ya ƙara ɗaruruwan kilomita a hanyoyin da a takarda ba su canza ba.

Ga yadda za ka ƙiyasta lokaci da kanka: raba nisan zango da 850, ka ƙara minti 30 zuwa 45 na tafiya a kan titin jirgi, hawa da sauka. Kano zuwa Addis ya kama awa 4 da rabi zuwa 5. Addis zuwa Gwanzu awa 10 zuwa 11. A sama ke nan wajen awa 15, ban da jira.

Wani zai ce me ya hana a tashi kai tsaye. Ba nisa ba ne. 787-9 na iya yin wajen kilomita 14,000, kuma Singapore Airlines na tashi daga Singafo zuwa New York, sama da kilomita 15,300, ba tsayawa. Abin da ya hana shi ne samun fasinjan da zai cika kujeru kusan 300 zuwa da dawowa a kai a kai. Ga mai kuma: jirgi irin wannan na shan tan 5 zuwa 6 a awa, tafiyar awa 13 ta tashi wajen tan 70, a ɗora kashi 5 cikin ɗari na ko-ta-kwana, da man zuwa wani filin idan na farko ya ƙi saukuwa, da na minti 30 na ƙarshe da doka ta wajabta. Ɗaukar mai ma cin mai ne, saboda nauyi. Zafin Kano na Afrilu, da ke haura digiri 40, yana sa iska ta yi sakayau, inji ya rage ƙarfi, a rage nauyin da za a iya tashi da shi. Addis na da irin wannan matsalar ta wata fuskar, domin filin Bole na kan tsayin mita 2,300 da ɗoriya. Wannan na cikin dalilan da ke sa a wasu ranakun a bar wasu jakunkuna su biyo jirgi na gaba.

Hajiya_Tikiti ta rubuta:

Alhaji, Malam da Injiniya sun gama da kilomita. Ni abin da zan ce maka, kada ka sayi tikiti da kilomita, saye shi da jimillar awanni daga tashi Kano zuwa sauka Gwanzu. Hanyar da ta fi gajarta da kilomita 400 amma aka ajiye ka awa 11 a filin jirgi ba ta yi maka komai ba.

Lokutan da ke kan tikiti kowanne agogon garin ne. Najeriya da Nijar suna gaban agogon GMT da awa 1, Addis da Doha da awa 3, Alƙahira da awa 2, ko 3 idan sun matsar da agogo lokacin bazararsu, ƙasar Sin gaba ɗayanta da awa 8. Tsakanin Kano da Gwanzu awa 7 ke nan. Misali, idan an rubuta tashi Addis 00:30, sauka Gwanzu 15:30, ba awa 15 ba ce, cire 5, awa 10 ce. A dawowa idan an rubuta tashi 00:30, sauka 06:30, ba awa 6 ba ce, ƙara 5, awa 11 ce. Kuma a kula da 00:30 ɗin nan, ta sa mutane da yawa sun rasa jirgi. Idan tikiti ya ce Talata 00:30, daren Litinin za ka je filin jirgi. Alamar +1 a gefen lokacin sauka na nufin washegari.

Jiran canjin jirgi, awa 2 zuwa 4 ya fi kwanciyar hankali. Ƙasa da awa ɗaya da rabi kasada ce, musamman lokacin hunturu, da hazo kan hana jirgi sauka ko tashi a Kano a kan lokaci. Ko kai ka samu shiga da gudu, jakarka ba lallai ta samu ba. Idan jiran ya wuce awa 8, tambayi ejan tun kafin ka biya ko kamfanin na ba da masauki a kan irin tikitinka.

Zangon biyu su kasance a tikiti ɗaya, lambar ajiya ɗaya. Da haka za a auna kayanka a Kano ka karɓe su a Gwanzu, kuma idan jirgin farko ya makara alhakin kamfanin ne ya sa ka a na gaba. Duba takardar da aka liƙa wa jakar, dole ka ga CAN, lambar filin Gwanzu ke nan. Ta Kano KAN ce, harafi ɗaya ya raba su, don haka a dawowa ma a duba da kyau. Wanda ya sayi tikiti biyu daban don rangwame, sai ya fita ya karɓi kaya ya sake awo, abin da kan buƙaci bizar ƙasar da ya yada zango, kuma in ya makara kuɗinsa ya tafi. Haka kuma in ka sayi Kano zuwa Abuja zuwa Doha a haɗe, kada ka ce za ka tsallake na farko ka hau a Abuja, sauran zangon duka za a soke su.

Kaya a ƙaramar kujera galibi jaka biyu ne masu kilo 23 kowacce, amma abin da ke rubuce a tikitinka shi ne hujja. Jaka ɗaya ba ta wuce kilo 32 ko za ka biya. Fawa bank da batir a jakar hannu suke tafiya. Idan za ka ƙarasa Yiwu, wajen kilomita 940 daga Gwanzu, da jirgin cikin gida, tun ƙarshen Yunin 2025 ba sa barin fawa bank marar tambarin CCC, wato shaidar ingancin kaya ta ƙasar Sin. Katin rigakafin shawara ya kasance tare da fasfo. Kuɗin tikiti da na otal kan tashi lokacin baje kolin Canton da ake yi a Gwanzu, tsakiyar Afrilu zuwa farkon Mayu da tsakiyar Oktoba zuwa farkon Nuwamba.

Ɗan_Kwari ya rubuta:

Allah ya saka da alheri, Malam, Injiniya, Hajiya. Saura ɗaya: salla fa? Da agogon ina zan yi aiki, kuma ina alƙibla take a wuraren da za a tsaya?

Malam_Taswira ya rubuta:

Hukuncin haɗawa da ƙasaru na malamai ne, Alhaji, ni ɓangaren lissafi zan taɓa. Lokaci da rana yake tafiya a inda jirgin yake, ba da agogon Kano ko na Gwanzu ba. Kowane digiri 15 da ka matsa gabas rana na riganka da awa ɗaya, kai kuma digiri kusan 105 za ka ci, awa 7 ke nan da za su fita daga yininka. Wanda ya tashi Addis tsakar dare zai ga alfijir ya keto bayan 'yan awanni kaɗan, kuma tazarar asuba da fitowar rana na gajarcewa sosai saboda jirgin na tunkarar ranar, don haka kada a jinkirta. A dawowa dare ne ke tsawo. Taswirar allon kujera tana nuna inda hasken rana ya kai, wasu kamfanonin kuma suna nuna alƙibla.

A ƙasa kuwa: a Kano alƙibla gabas ce da ɗan karkata arewa, wajen digiri 68. A Addis kusan arewa ce sak. A Alƙahira kudu maso gabas. A Doha yamma ce da ɗan karkata kudu. A Gwanzu yamma ce da karkata arewa kamar digiri 15. Kamfas ɗin waya kan rikice a cikin gini mai ƙarfe da yawa, gara a nemi masallacin filin jirgin, akwai shi a Addis, Doha da Alƙahira.

Injiniya_Bello ya rubuta:

Ƙari kaɗan kan zango mai awa 10. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa zama wuri ɗaya sama da awa 4 a tafiya na ninka haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa kusan sau biyu. Zaɓi kujerar gefen hanya, ka miƙe ka taka duk bayan awa biyu, ka riƙa motsa idon sawu kana zaune, ka sha ruwa sosai. Mai ciwon suga ko hawan jini ya sa maganinsa a jakar hannu, ya tambayi likita yadda zai daidaita lokacin sha da tazarar awa 7. Barci kuma ya fi rikicewa a tafiyar gabas: ƙarfe 11 na dare a Gwanzu 4 na yamma ce a jikinka, ƙarfe 8 na safe kuma 1 na dare. Kada ka sa ganawa da masu kaya ko biyan kuɗi mai yawa a safiyar farko, bar ta zuwa bayan azahar ko rana ta biyu.